Yadda Ake Zaɓen Manjagara Mai Ƙarko Don Kwashe Sharar Aikin Itatuwa

Sharar da ake bari bayan an sare bishiya ko an rage mata rassa ta sha bamban da busasshen ganyen lambu. Akwai ƙirare masu tsini, akwai ɓawo, akwai garin katako da injin yanka ya feso, wanda da ya sha raɓa sai ya dunƙule ya yi nauyi, ga ɓarɓashin kututture da ya cakuɗe da ƙasa da tsakuwa. Manjagarar da aka ƙera don share ganye jefi-jefi ba ta daɗewa a irin wannan aiki, kuma galibi a wuya take mutuwa, wato inda kai ya haɗu da ƙota.

Da farko ka raba aikin, domin manjagara ɗaya ba za ta yi maka komai ba. Mai faffaɗan kai kamar mafici, mai faɗin santimita 60 zuwa 75, ita ce ta ganye da ƙananan ƙirare a kan ciyawa. Mai gajerun haƙora masu tauri, guda 14 zuwa 16 a kan sandar ƙarfe miƙaƙƙiya mai faɗin kusan santimita 40, ita ce ta ɓarɓashin kututture, da jiƙaƙƙen garin katako, da baje ƙasa a inda gungume ya faɗi ya lotsa wurin. Sai 'yar ƙarama mai faɗin santimita 20 zuwa 25, wadda ke shiga ƙarƙashin shinge da tsakanin furanni. Da waɗannan uku a mota, babu filin da zai gagare ka. Yawancin manjagarun da ke lalacewa da wuri, an sa su aikin da ba nasu ba ne, musamman mai kan mafici da aka ja tulin ɓarɓashi da ita.

Na biyu, duba haƙoran mai kan mafici. Idan na ƙarfe ne, kama ɗaya da yatsa ka lanƙwasa shi kaɗan ka saki. Ƙarfen kirki irin na sifirin zai koma mazauninsa nan take. Wanda ya tsaya a karkace ƙarfe ne mai laushi, kuma bayan 'yan kwanaki haƙoran za su watse, wani sama wani ƙasa, ana shara rabin sharar na zurarewa ta tsakani. Ka tabbata akwai sandar da ta ratsa haƙoran ta riƙe su a jere, an kuma matse ta sosai yadda ba ta zamewa. Kan roba ma yana da amfaninsa: ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ba ya yaga ciyawa, kuma ƙirare ba sa maƙalewa a cikinsa kamar yadda suke yi a siraran haƙoran ƙarfe. Aibinsa shi ne rana tana cinye roba har ta yi gautsi, sanyi mai tsanani ma haka. Idan za ka ɗauki na roba, nemi mai kauri wanda aka yi wa haƙarƙari a bayansa, kuma ka guji wanda launinsa ya riga ya koɗe.

Na uku shi ne wuyan, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Duk ƙarfin da ka ja da shi, da duk nauyin sharar, ta wannan ɗan wuri suke bi. Juya manjagarar ka ga yadda aka haɗa ta. Mafi rauni ita ce wadda aka cusa ƙota cikin gajeren rami aka ɗaure da sukuru guda ɗaya daga gefe. Katako yana kumbura da laima ya tsuke da zafi, ramin sukurun ya yi ta faɗaɗa, kai ya fara girgiɗi, wata rana ka ja ka ga ƙota a hannunka kan yana can cikin shara. Abin da kake nema shi ne doguwar hular ƙarfe da ta rungumi ƙotar, da ƙusa mai noti da ta huda ta fito ɗaya gefen. Idan biyu ne ya fi. A manjagara mai gajerun haƙora, wadda aka ƙera kanta da hannuwa biyun da ke haɗa shi da ƙota daga ƙarfe guda ta fi wadda aka yi wa walda, don walda tana tsagewa a daidai gaɓar idan haƙori ya kama saiwa aka fizga. Noti yana da wata fa'ida: ranar da ƙota ta karye, ka kwance ka sa wata, kan ya ci gaba da aiki.

Sai ƙota. Tsawon santimita 135 zuwa 150 ya dace da yawancin manya. Tsayar da ita a gabanka, idan ta kai haɓarka ko hancinka za ka yi shara ba tare da sunkuyo ba. Ta katako tana da daɗin riƙo, amma ka bi zaren itacen da ido: ya miƙe daga sama har ƙasa, babu ƙulli, musamman kusa da wuya. Zaren da ya karkace ya fita ta gefe, nan za ta tsage. Ta faiba, wato zaren gilashi da aka haɗa da roba, ba ta ruɓewa, ruwa bai dame ta ba, sai dai idan ta tsufa a rana tana fitar da sartse mai ƙaiƙayi. Ta alminiyon ita ce mafi sauƙin ɗauka, amma da gungume ya faɗa mata ta lotse, to daga nan za ta lanƙwashe.

Kafin ka biya, taka haƙoran da ƙafa a hankali ka murɗa ƙotar hagu da dama. Ko ɗan motsi ka ji a wuyan, ajiye ta. Sannan ka yi kamar kana shara sau goma. Nauyin da ba ka ji ba a ja na farko, kafaɗa za ta ji shi bayan awa uku.

Yadda ake aiki da ita ma yana ƙara mata kwana. A fara tsince manyan rassa da hannu, duk abin da ya fi babban yatsa kauri. A riƙa ja gajere-gajere zuwa kan tamfol, a ja tamfol ɗin zuwa mota, maimakon tura tuli ɗaya tsawon fili. Kada a ɓanɓare saiwa ko dutse da haƙora, wannan aikin shebur ne. A mota kuma a ware mata wuri a jikin bango ko a maƙala ta sama, domin manjagarar da aka jefa a ƙasa aka loda mata itace ba ta isa gida lafiya.

Bayan aiki a kakkaɓe jiƙaƙƙen garin katako daga haƙoran, don yana riƙe laima ya kawo tsatsa, a goge ƙaron bishiya tun bai bushe ba. Duk mako a ɗaure notin wuya. Ƙotar katako, idan ta fara kaushi, a goge ta da sanfefa a shafa mata man katako, sannan a rataye manjagarar a inuwa, haƙoranta ba sa taɓa ƙasa.