Ku nemi Aya de Yopougon

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu neman littafin zane mai labari da Faransanci, ga shawarata: ku nemi Aya de Yopougon. Marguerite Abouet ce ta rubuta, haifaffiyar Abidjan, Clément Oubrerie ya zana. Littafin kashi-kashi ne, na farko ya fito a 2005, ya ci kyauta a bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa a 2006.

Labarin 'yan mata uku ne, Aya da Adjoua da Bintou, a unguwar Yopougon ta Abidjan wajen ƙarshen shekarun 1970. Aya burinta ta zama likita, babanta kuwa ba ruwansa da wannan. Ni dai zanen ne ya kama ni. Ku duba zanen atamfar da ke jikin matan, da tsakar gida inda ake girki ana gulma, kai ka ce wani gida ne a Zariya ko Bagalam ta Maraɗi.

Amma fa na manya ne, akwai zancen cikin shege a ciki. Yaran lakwal a ba su littafin Akissi, shi ma Abouet ce ta rubuta, Mathieu Sapin ya zana. Wanda ke da ɗan uwa mai zuwa Yamai ya yi masa sautu.