Idan kajinku a haɗe suke, manya da ƙanana

Jama'a masu kiwon kaji a gida, in masu ƙwai da masu tasowa akurki ɗaya suke kwana, kada ku zuba wa kowa abincin leya, wato abincin da ake haɗa wa kaji masu yin ƙwai.

Ku ba su girowa, wato abincin kaji masu tasowa, gaba ɗaya, sai ku ajiye dakakken ɓawon ƙwai a wani kwano daban.

Ga dalili. Abincin leya yana da kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, saboda ɓawon ƙwai aka yi shi haka. Wannan ya yi wa budurwar kaza da zakara yawa, har yana taɓa musu ƙoda. Mai ƙwai kuwa da kanta za ta je kwanon ta ci iya bukatarta.

Ɓawon ku wanke shi, ku shanya, ku ɗan gasa a kasko, ku dake shi sosai. In kun watsa shi ɓari-ɓari za su koyi fasa ƙwansu, kuma wannan hali wuyar bari gare shi.

Amma fa 'yan tsaki sai sitata, wato abincin farko na ƙananan kaji, har wajen sati 6 zuwa 8.

Kajin gidan gona masu ƙwai kusan kullum ma ɓawon gida bai ishe su ba. Da kun ga ƙwai na zuwa da laushi, ku ware kajin ku koma ba su leya.