Yadda ake kamfen da jirgin ƙasa a Amurka wajen 1900

A ce kai ne ɗan takara a 1900 ko 1908, babu rediyo, babu lasifika, mota sai ɗaiɗaiku ga hanyoyi duk taɓo, toh jirgin ƙasa ne kawai zai kai ka gaban jama'a.

Da farko nemi tarago naka na kanka, irin na kamfanin Pullman mai gado da kicin, a maƙala shi can ƙarshen jirgi, don 'yar barandar nan ta baya mai shingen tagulla ita ce dandamalinka. In jam'iyyarka ba ta da ko sisi sai a yi abin da 'yan gurguzu suka yi wa ɗan takararsu Eugene Debs a 1908, karo-karo suka yi ta yi har suka ɗauko masa jirgi sukutum, mai suna Red Special.

Kafin ka isa kowace tasha a buga tangaraho, jaridar garin ta sanar da lokaci, a tanadi 'yan badujala. Jiga-jigan jam'iyya na yankin kuwa ɗauko su tun daga tashar baya su raɗa maka abin da ke damun mutanensu, farashin alkama ne ko kuɗin dakon kaya, sannan in ka fito su tsaya a gefenka a gan su tare da kai, dama abin da ya kawo su kenan.

Jawabi ɗaya za ka yi ta maimaitawa, minti biyar ko goma, ka yabi garin, ka saki barkwanci ɗaya, ka caccaki abokin hamayya, ka sunkuyo ka miƙa hannu a gaisa, kuma ka ajiye magana mafi zafi a kusa don direba ba ruwansa, yana busa usur jirgi ya ja ko kana tsakiyar zance. Amma don Allah kar ka kira garin da sunan wanda ka baro!

Maƙogwaronka shi ne jarinka. Theodore Roosevelt a 1900, yana neman mataimakin shugaban ƙasa, ya yi tafiyar mil 21,000 a jihohi 24, jawabi sama da 600, duka da tsurar murya, a sarari, cikin hayaƙin kwal, har ta dishe. William Taft, ɗan takarar shugaban ƙasa a 1908, da likitan maƙogwaro ya yi ta yawo. Shugaba Woodrow Wilson kuwa a Satumbar 1919, yana tallar Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, bayan jawabin da ya yi a garin Pueblo jikinsa ya ƙi, aka juya da jirgi Washington, kwanaki kaɗan shanyewar ɓarin jiki ta same shi.

Kuma kar cikar tasha ta ruɗe ka, wasu kallo kawai suka zo. William Jennings Bryan da ya shahara da salon a 1896 ya yi mil 18,000, abokin hamayyarsa William McKinley yana zaune abinsa a barandar gidansa a garin Canton, jiragen ƙasa na kwaso masa mutane da tikiti mai rangwame, aka ƙirga ƙuri'a McKinley ya lashe. Bryan ya sake hawa jirgi a 1900 da 1908, duka ya sha ƙasa.