Kurakuran da na gaji da gani wajen masu kula da BMS a gini

Wallahi na gaji. Duk yaron da aka turo min koyon aiki sai ya zauna gaban kwamfuta ya ƙura wa allo ido kamar mai kallon ƙwallo, in BMS, wato manhajar da ke sarrafa esi da sauran na'urorin gini, ta ce ofis yana digiri 24 shi ke nan ya yarda. Malam, BMS ba ta san komai ba sai abin da sensa, 'yar na'urar da ke mata awo, ta gaya mata.

Ni wannan ya taɓa ja min tsiya. Wani gini ne a Abuja, an liƙa sensar zafi a bangon yamma, ga injin fotokofi daidai ƙarƙashinta, tana karanta 29 alhali ma'aikata har da masu sa suwaita, ita kuwa manhaja sai ƙara wa esi wuta take, haka muka yi kusan wata biyu ban leƙa ɗakin ba, kuma a daidai lokacin hukumar kula da lantarki NERC ta kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 duk yunit, Afrilun 2024. Da bil ya zo oga bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi, ai gara a zage ka. Tun ranar ɗan awon zafi ba ya barin aljihuna, duk Litinin sai na bi ɗaki ɗaki na gwada da abin da allo ke nunawa, bambanci ya wuce digiri ɗaya na ciro tsani na duba sensar.

Sai agogo, ku kuma nan ne kuke ban haushi! An ɗauke wuta, kafin janareto ya ɗauka kwantirola, akwatin da ke kunna esi da kashe shi bisa jadawali, ta mutu, ɗan batirinta ya daɗe da ƙarewa, agogo ya birkice, jadawalin 7 na safe zuwa 6 na yamma ya koma dare, esi na ta kaɗa wa kujeru sanyi ana ƙona dizal. Ni duk shekara nake canza batiran nan, wasu na cewa ɓarna ce, su dai suka sani.

Sauran ƙanana ne. Sa esi a digiri 16 ba ya kawo sanyi da wuri, ka bar shi a 24. In mita na nuna maka maines, CT ɗinka, zoben nan da ake maƙala wa waya don auna wuta, ka juya baibai. Mai gyara ya tafi ya bar famfo a manuwal, manhaja na ba da umarni ba mai jin ta. Da hunturu ƙura ke toshe filta, kar ka jira alam, ni duk sati biyu nake sa a wanke.