Yadda ake zuba kuza a jikin akushin katako

Tambayar yadda ake zuba kuza a bakin akushi ta yi yawa, ga matakan:

1. Zaɓi busasshen itace. Hattara: ɗanye na sa narkakkiyar kuza tartsatsi.
2. Ɗora shi a injin sassaƙa mai juya itace, yanka ɗan rami a bakin akushin, ƙasan ramin ya fi saman faɗi, don kada kuzar ta faɗo.
3. Sauke shi, ajiye a daidaitaccen wuri.
4. Narka kuzar a ludayin ƙarfe, wajen digiri 230 a ma'aunin Celsius. Kuza mai gaurayen dalma kam, kada ta kusanci kwanon abinci.
5. Zuba cikin ramin a tashi ɗaya, ya ɗan tumbatsa.
6. Bari ya huce sarai.
7. Mayar kan inji, aske rarar kuzar a hankali.
8. Goge da samfefa. Ƙurarta na baƙanta farin itace, a riƙa kaɗewa.