Yadda Ake Gano Tauraruwar Dabaran a Sararin Sama

Dabaran, wadda masana ke kira Aldebaran, tauraruwa ce mai launin ruwan goro a burujin Sa, wato rukunin taurarin da ake kwatantawa da sa. Haskenta yakan yi kusan shekara 65 a hanya kafin ya iso ido. Faɗinta ya ninka na Rana kusan sau 44, amma zafin samanta bai wuce digiri 3,600 na Salshiyos ba, na Rana kuwa ya kai 5,500. Wannan ƙarancin zafi shi ya ba ta launinta.

Lokacin nemanta da dare shi ne daga Nuwamba zuwa Afrilu. A Janairu, wajen ƙarfe tara na dare, tana can ƙololuwar hawanta. Ƙarshen Mayu da farkon Yuni kada ka wahalar da kanka, hasken Rana ya rufe ta.

Fara da taurarin nan uku da suka jeru reras a tsakiyar Oriyon, rukunin taurarin da ake kwatantawa da maharbi. Bi layinsu zuwa arewa maso yamma. Miƙe hannunka ka dunƙule shi. Dunƙulen nan ya kai kimanin digiri 10 na sama. Dunƙule biyu daga taurarin uku, za ka tarar da ita. In ka ci gaba da dunƙule ɗaya da rabi, sai ga Kaza mai 'ya'ya. Idan kuwa ka faɗa kan wata fara fat mai walƙiya, ka juya baya ne, tauraruwar Shi'ira ce.

Tabbacin cewa ita ce: tana bakin wasu ƙananan taurari masu siffar harafin V. Ba 'yar cikinsu ba ce, su suna can nesa, haskensu yakan yi kusan shekara 150 a hanya, layi ɗaya kawai suka faɗa a idonmu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne launi. Tauraruwar Betelgeuse ma ja-ja ce, amma tana kafaɗar Oriyon, ba V a kusa da ita. Duniyar Mas kuma, ita ma ja-ja, takan ratso yankin wasu shekarun. Ita haskenta a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa. Kada ka yanke hukunci tana ƙasa-ƙasa, don ƙura da kaurin iska suna ƙara mata ja. Jira ta hau dunƙule uku. Da madubin hange mai ido biyu, ɗan kauce wa saiti kaɗan har ɗigon ya baje, launin zai fito sarai.