Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen na'urar nuna hanya ta motar zango

Motar zango, wato babbar motar nan da aka shirya mata gado da wurin girki da tankin ruwa domin a yi tafiya a kwana a cikinta, ba ta bin duk hanyar da ƙaramar mota ke bi. Ta fi ta tsayi da faɗi da nauyi, kuma ba ta juyawa cikin sauƙi idan hanya ta ƙure. Mafi yawan kurakuran da ake yi wajen zaɓar mata na'urar nuna hanya suna tasowa ne daga mantuwa da wannan bambanci.

Kuskuren farko shi ne dogaro kacokan da manhajar da aka saba da ita a waya. Google Maps da Waze suna da ƙarfi wajen sanin cunkoso da hanyar da aka rufe, amma babu wurin da direba zai shigar da tsayi ko nauyin motarsa a cikinsu, saboda haka suna zaɓar masa hanya ne kamar yana tuƙa ƙaramar mota. Idan babban titi ya cushe, sai su karkatar da shi zuwa wani lungu domin su rage masa 'yan mintoci, alhali a ƙarshen lungun akwai gadar jirgin ƙasa da motar ba za ta iya wucewa ta ƙarƙashinta ba. Gyaran shi ne a nemi abin da ke karɓar awon mota, ko dai na'ura mai zaman kanta irin Garmin Camper da TomTom GO Camper, ko kuma manhaja irin CoPilot da Sygic. Ana iya barin manhajar waya a gefe domin duba cunkoso, amma kada a bar mata zaɓen hanya.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari, a ganina, shi ne wanda ake yi bayan an sayi na'urar da ta dace, domin mai ita yakan saki jiki yana ganin ya gama. Mutane da dama suna kwafo lambobin da ke takardar kamfani su shigar, alhali takardar ta auna motar ne ranar da ta fito daga masana'anta, kafin a ɗora mata farantin sola da na'urar sanyaya ɗaki da eriya da akwatin kaya a kan rufi. Abin da ya kamata shi ne a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a hau tsani, a ɗora miƙaƙƙen katako a kwance bisa abin da ya fi komai tsayi a rufin, sannan a auna da tef daga katakon zuwa ƙasa. A ƙara 'yan santimita a kan abin da aka samu, domin ana sake zuba kwalta a kan tituna, ratar da ke ƙarƙashin gada ta ragu ba tare da an canza allon da ke nuna tsayinta ba. Faɗi kuwa a auna shi har da madubai, tsawo kuma har da maɗaurin kekuna idan akwai shi a baya. Bayan haka a rubuta lambobin a ƙaramar takarda a manna kusa da sitiyari, da mita da kuma ƙafa, domin a Amurka da Birtaniya ana rubuta tsayin gada da ƙafa da inci, kuma ba a gaban gada ake fara lissafin cewa ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce ba.

Haka batun nauyi yake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 100 kaɗai yana ƙara kilo 100, ban da tukunyar gas da abinci da fasinjoji. A cika motar kamar za a kama hanya, a kai ta sikelin auna motoci, kuma a san iyakar nauyin da aka yi mata rajista da shi, domin dokoki da yawa da wannan iyaka suke aiki. A Turai tan 3.5 ne mararraba: a Ostiriya, alal misali, motar da ta haura shi tana biyan kuɗin babban titi ne gwargwadon nisan tafiya ta wata na'ura da ake kira GO-Box, ba ta takardar mannawa da ƙananan motoci ke saya ba.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su zaɓi tsarin manyan tireloli da tunanin ya fi tsaro. Sakamakon shi ne na'urar ta riƙa zagaye da su ta manyan tituna, ta hana su ƙananan hanyoyin da motarsu za ta bi lafiya, waɗanda galibi su ne ke kaiwa wuraren zango.

Akwai ruɗani game da sigina da ya kamata a warware. Sanin inda mota take ba ya buƙatar intanet, domin saƙon yana zuwa ne kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, na GPS na Amurka, ko Galileo na Tarayyar Turai, ko GLONASS na Rasha, ko BeiDou na Sin. Taswirar ce ke buƙatar data idan ba a sauke ta ba. Da yake masu motar zango sun fi zuwa tsaunuka da bakin tafki inda sabis ke ɗaukewa, wajibi ne a sauke taswirar duk yankin da za a ratsa tun kafin a tashi, kuma a sabunta ta. Manhajoji irin OsmAnd, masu aiki da bayanan OpenStreetMap, wato taswirar duniya da masu aikin sa-kai ke haɗawa, suna da amfani a matsayin madadi. Idan kuwa na'urar tana yawan rasa inda take, a duba wurin da aka kafa ta, domin gadon da ke saman kan direba a wasu motocin yana tare sararin sama, haka ma gilashin gaba mai rufin ƙarfe na hana zafi. Eriyar waje tana magance wannan. Waya kuma idan ta daɗe a rana bayan gilashi tana caji, takan yi zafi ta dushe allonta ko ta daina aiki.

Shigar da lambobin wuri, wato lambobin digiri da ke nuna inda wuri yake a taswira, shi ma yana ɓatar da mutane, tun da wuraren zango da yawa ba su da adireshi. Akwai tsarin digiri da ɗigo, akwai kuma na digiri da mintoci, inda mintoci 60 ke yin digiri ɗaya. Wanda aka ba 45°30' ya rubuta 45.30 a maimakon 45.5, zai iya kaucewa da abin da ya kai kusan kilomita 22. A tabbatar tsarin da ke na'urar ya yi daidai da wanda aka bayar, sannan a dubi inda alamar ta sauka a taswira kafin a tayar da mota.

Ko na'urar da ta fi kowace tsada ba ta san duk gadojin duniya ba, domin ba kowace ƙaramar hanya aka shigar da awonta a taswira ba, kuma wasu na'urorin sukan nuna alama idan suka hau hanyar da ba su da bayaninta. Duk inda allon gefen titi ya saɓa wa na'ura, allon za a bi. Idan an yi shakka, a tsaya nesa da gadar inda akwai sauran wurin juyawa, a sauka a duba da ido, kuma idan akwai abokin tafiya ya tsaya a gaba inda direba ke ganinsa, yana kallon rufin motar yayin da take shiga a hankali.